Yadda ake haɗa kukuma a gida, tun daga zaɓen ƙoƙo har ta yi magana

Ni a hannun wani dattijo maƙocinmu na koyi haɗa kukuma, Allah ya jiƙansa da rahama, mutum ne da bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba, da taƙi da yatsa yake auna komai amma in ya gama haɗa abu ya goga sai kaji kamar mutum ne yake kuka a cikin ƙoƙon nan. Abinda yake bani takaici yanzu shine yaranmu sun san sunan Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka, wasu ma suna da waƙoƙinsu a waya, amma ka tambayi yaro da me ake yin kukumar sai yayi shiru, alhali kayan haɗin nata duka suna kewaye damu, ƙoƙo ne da sanda da fata da gashin wutsiyar doki shikenan.

Kuma wannan dabarar ta tsirkiya ɗaya da ake gogawa ba mu kaɗai ke da ita ba. Dagombawan Gana suna da gonje da ake kaɗawa a fadar Ya Na a Yendi, Fulani suna da nyanyeru, Wolof na Senegal suna ce wa nasu riti, Buzaye suna da imzad wanda mata ne ke kaɗa shi, a Habasha akwai masinko, Larabawan ƙauye suna da rababa, can Sabiya a Turai akwai gusle. Zan riƙa kawo su a inda suka dace domin wlh matsalar da kake fama da ita a tsakar gidanku, wani maƙeri a wata ƙasa ya riga ya yi fama da ita ya samo mata mafita. Na san akwai masu ƙyamar goge saboda alaƙarsa da bori, wannan magana ce ta malamai, ni dai aikin hannu nake bayani.

Mataki na farko, ƙoƙo. Ka nemi ƙoƙon duma wanda ya bushe sosai, mai kauri, faɗin bakinsa kamar taƙi ɗaya, in da tef zaka auna toh santimita 15 zuwa 18 ya isa kukuma, in goge kake so sai ka nemi babba da ya haura 22 domin bambancinsu kenan, kukuma ƙarama ce muryarta siririya, goge babba ne muryarsa ta fi kauri. Kar ka sayi wanda aka yi wa zane mai zurfi ko wanda gyartai ya taɓa ɗinkewa, komai kyansa wajen ɗinkin nan zai riƙa zizza. Ka ɗaga shi ka ƙwanƙwasa da farce, mai kyau zai amsa da ƙara tas, wanda ya amsa da wata irin murya a dakushe ajiye shi, ko bai gama bushewa ba ko ƙwaro ya ci cikinsa. In ka kawo gida ka kankare cikinsa da cokali har ɓawon nan mai laushi ya fita duka, sannan ka kife shi a kan siminti kana juyawa kana gogawa har bakin ya daidaita, in kana da samfefa ka bi gefen ka kashe kaifin domin baki mai kaifi shi yake yanka fata daga baya. Habashawa su katako huɗu suke haɗawa su yi akwatin masinko, masu gusle kuma itace guda suke sassaƙawa su rarake shi kamar ludayi, mu Allah ya hutar damu ya bamu duma da yake fitowa a rarake tun daga gona.

Na biyu sanda. Gora siririya tana yi, busasshen reshe mai ƙarfi miƙaƙƙe shima yana yi, kaurinsa kamar babban yatsa, tsawonsa kamu ɗaya da ɗan ƙari wato wajen santimita 50 zuwa 55. Za ka huda ƙoƙon waje biyu suna kallon juna, kamar faɗin yatsa ɗaya ƙasa da baki, kuma dan Allah kar ka sa ƙusa da hama, ƙoƙo baya jure duka, ka sa ƙarfe a wuta yayi ja ka huda da shi a hankali sannan ka faɗaɗa da wuƙa kaɗan kaɗan kana gwada sandar. Ka fiƙe gindin sandar ka zura ta ratsa cikin ƙoƙon ta ɓullo ɗaya gefen da kamar yatsa biyu, wannan ɗan wutsiyar da ta fito ita zata riƙe tsirkiya saboda haka kar ka yanke ta. Abu ɗaya da zaka kiyaye, sandar da ke cikin ƙoƙo kar ta taɓa fata in an rufe, in ta taɓa ta kashe muryar. In akwai ɗan gibi a wajen hudar ka kwaɓa gam ɗin kafinta da garin katako ka toshe, ka bar shi ya kwana.

Toh yanzu mun zo wajen fata, kuma nan ne aikin yake, duk wanda kukumarsa ta ƙi magana in ka bincika tara cikin goma a fata ne. Asali da fatar guza ake rufe goge da kukuma saboda siririya ce ga ƙarfi, kamar yadda mutanen Sin suke rufe nasu erhu da fatar mesa. Amma ni bana ba kowa shawarar ya fita farautar guza saboda kukuma, namun nan suna raguwa kuma fatarsu tana cikin waɗanda dokar ƙasa da ƙasa ta sa wa ido wajen fita da su waje, in ka samu wajen dukawa tsohuwa da aka riga aka ajiye toh, in baka samu ba fatar ɗan akuya ƙarami tana yi sosai, da ita nake aiki yanzu, Habashawa da Larabawa ma da fatar dabbar gida suke rufe nasu. Sharaɗin dai ɗanya ce kake so wadda ba'a jeme ba. In kaje wajen majema ka faɗa musu a fili, ta rufin ganga nake so wadda bata sha bagaruwa ba, domin fatar da aka jeme laushi take yi, ta jaka ce da takalmi, ko ka ja ta har ƙarfinka ya ƙare ba zata ɗaure ba.

In da gashinta ka samo ka jiƙa ta cikin ruwan toka kwana biyu zuwa uku, kullum kana gwada jan gashin da hannu, ranar da ya fara tsigewa da kansa sai ka shimfiɗa ta kan turmi a kife ka kankare da bayan wuƙa, ka juya ka kankare sauran nama da kitse na ciki, ka wanke ka sake wankewa har santsin tokar ya fita. In busasshiya ce mara gashi jiƙon dare ɗaya a ruwan sanyi ya isa, kar ka sa ruwan zafi zai dafa ta. Ka ɗaga ta a rana ka duba, wajen ciki da haƙarƙari ya fi siranta, tsakiyar baya ya fi kauri, ka zaɓi waje mara huji wanda kaurinsa yake ɗaya, ka kife ƙoƙon a kai ka yanka da ƙarin yatsa uku a zagaye saboda ka samu wajen kamawa.

Kafin ka ɗora fatar ka bi gefen ƙoƙo da basilla mai zafi ka yi ƙananan huji a zagaye, tsakanin ko wane biyu faɗin yatsa ɗaya, waɗannan su ne hanyar ƙusoshi. Ƙananan ƙusoshin nan masu faɗin kai da masu gyaran kujera suke amfani da su sun fi sauƙi, Baba, dattijon nan da ya koya min, shi da tsinken gora yake yi yana fiƙewa ɗaya bayan ɗaya. Ka shafa gam siriri a bakin ƙoƙon ta waje, ka ɗora fatar tana da danshi amma ba tana ɗiga ba, ɓangaren gashi yana sama. Sai ka kafa ƙusa ɗaya, ka koma ɗaya gefen da yake kallonta ka ja ka kafa, sannan dama sannan hagu, haka zaka riƙa yi kana tsallakawa kar ka bi layi kana zagayawa domin in kayi haka duk tattarar zata taru waje ɗaya. Wajen da sanda ta shiga da inda ta fita sai ka ɗan tsaga fatar ta zauna. Nan yana da kyau a ce ku biyu ne, ɗaya yana ja ɗaya yana kafawa. Kuma ja ɗin da hankali, ka ja har tattara ta ɓace ka ƙara kaɗan ka tsaya, sauran aikin bushewa ce zata yi, fata in tana bushewa tsukewa take da ƙarfin da baka zata ba.

A inuwa ake shanyawa, inda iska take shiga, kwana biyu ko uku. Wannan na koye shi da zafi, kukumata ta biyu na gaji da jira na ɗora ta kan rufin kwano da rana tsaka a watan bazara, kafin la'asar fatar ta tsuke ta tsaga ƙoƙon gida biyu, aikin sati guda ya tafi, har yau in na tuna raina yana ɓaci. In ta bushe ka buga da yatsa zaka ji tana amsawa kamar ƙaramar ganga, sai ka datse rarar fatar da reza ƙasa da layin ƙusoshi. Daga nan ka yanka hujin numfashi a jikin fatar, zagayayye, kamar girman kwabo, a gefe ɗaya kusa da baki ba a tsakiya ba saboda tsakiya wajen zaman jaki ne, wato ɗan itacen da yake ɗaga tsirkiya. Ka zana da biro tukuna ka yanka da sabuwar reza a hankali, in ka bar ɗan tsagi a gefen hujin daga nan zata fara yagewa.

Sai tsirkiya, wato tsagiya, gashin wutsiyar doki. Wajen masu dawaki zaka je, ka yi musu magana da ladabi, lokacin da suke gyaran wutsiya ana samu, kuma ka roƙi na ingarma in da hali domin na goɗiya fitsari yana jiƙa shi ya rage masa ƙarfi, masu haɗa bakan goge na Turawa ma saboda haka suka fi neman na namiji. Mutanen Mongoliya da suke da nasu gogen morin khuur mai kan doki a sassaƙe, a al'adarsu tsirkiya biyu suke yi, babbar gashi 130 daga ingarma, ƙaramar gashi 105 daga goɗiya, kaga kenan har ƙirga gashin suke. Tamu ƙarama ce bata buƙatar haka, ni gashi 40 zuwa 60 nake sa wa kukuma, in ka ƙara muryar ta yi kauri in ka rage ta sirance amma ta fi saurin tsinkewa.

Ka wanke gashin da sabulu sau biyu ko uku har maiƙon ya fita tas, wannan ba abin wasa bane domin gashi mai maiƙo baya kama ƙaro, zaka yi ta gogawa shiru. Bayan ya sha iska ka zauna ka tsince, duk mai lanƙwasa ko mai ƙulli ko gajere ka cire, ka jera su kai ɗaya, ka ɗaure ƙarshen da zare mai ƙarfi tam, ka ɗan kai bakin ga wuta ya narke ya dunƙule saboda kar ya zame. Sai ka jiƙa shi kaɗan ka taje da ƙaramin mataji daga ɗaurin zuwa ƙasa har kowane gashi ya kwanta kusa da ɗan uwansa babu mai hawa kan wani, sannan ka ɗaure ɗaya ƙarshen. Ba'a tufka shi kamar igiya, a miƙe ake barinsa. In gari ya gagara baka samu doki ba zaren kamun kifi na roba mafi siranta yana yi, ka jera da yawa kamar gashin, ko Mongoliya ma yanzu da yawa da irinsa suke yi, sai dai gaskiya muryar bata kai ta tsagiya daɗi ba, akwai wani ɗan gurnani da gashin doki kaɗai yake bayarwa.

Ɗaurawa kuma, ƙarshe ɗaya ka haɗa shi da 'yar igiyar fata ka maƙala a wutsiyar sandar nan da ta ɓullo, ka jawo tsirkiyar ta bi ta kan fata ta hau sama, ɗaya ƙarshen ka haɗa da siririyar fata doguwa ka nannaɗe a saman sanda zagaye da yawa ka soke bakin a ƙarƙashi. Wannan naɗin shi ne makunninka, in ka tura shi sama tsirkiya ta ɗaure murya ta hau, in ka sauko da shi ta saki. Masinko da erhu su suna da ɗan itace da ake murɗawa, in kana so zaka iya huda saman sandar ka sa irinsa ba laifi bane kuma ya fi sauƙi ga mai koyo, amma naɗin fata shi muka gada kuma in ya zauna baya motsi.

Jaki shi ne ɗan itacen da yake ɗaga tsirkiya daga kan fata, shi yake ɗaukar rawar tsirkiya ya kai wa fata, ƙarami ne amma rabin muryar a wuyansa take. Ka nemi busasshen reshe mai 'yar gwafa, ka yanke shi gajere tsayin kamar yatsa biyu, ƙafafunsa su zauna daram a kan fata, ka yi ɗan gurbi a samansa inda tsirkiya zata kwanta. Kar ka sa masa gam, nauyin tsirkiya ne yake riƙe shi. Ka sassaƙa guda uku ko huɗu masu bambancin tsayi da nauyi ka gwada su ɗaya ɗaya, zaka sha mamaki, kukuma ɗaya ce amma ko wane jaki da muryar da yake bata. Ka fara ajiye shi ɗan sama da tsakiyar fata wajen sanda, kana matsar da shi kaɗan kaɗan kana saurara. Tsofaffin makaɗa suna cusa ɗan ƙaho ko ɗan itace mai tsini ƙarƙashin tsirkiya ta wajen gindi, in suna son ƙara ɗauri kaɗan sai su tura shi ciki ba sai sun taɓa naɗin sama ba.

Izga, wato bakan gogawa, bata da wahala. Ɗanyen reshen geza ko wani mai lanƙwasuwa, tsawon taƙi biyu, ka gasa shi sama sama a wuta ka lanƙwasa ka ɗaure da igiya ya bushe a haka kwana uku, wasu da ƙarfe suke yi wajen maƙera. Ka yi tsagi a bakin nan biyu ka ɗaura tsagiya wadda ka shirya kamar ta tsirkiya, kar ta ɗaure kamar ta harbi, ta ɗan saki yadda yatsanka zai iya ƙara mata ƙarfi lokacin kiɗa.

Saura ƙaro. In ba ƙaro ba magana, ko ka goga shekara. Ƙaron hano irin na turare shi ake so, mai ƙamshi mai narkewa a wuta, ba ƙaron da ake sa wa tawadar allo ba, shi wannan a ruwa yake narkewa kuma baya kamawa yadda ake so. In kana birni shagon kayan kiɗa suna sayar da na goge na Turawa wanda ake yi da ƙaron itacen fayin, shima yana yi. Ka goga shi a jikin izga da tsirkiya har kaga fari fari kamar gari. Baba narka shi yake ya manna dunƙule a bayan ƙoƙon saboda yana tsaka da kiɗa ya kai izga ya shafo ya ci gaba.

Yanzu ka zauna ka jingina ƙoƙon a cikinka, sanda ta nufi hagu, ka goga kusa da jaki a hankali ba tare da dannawa ba. Karon farko ƙila kaji ƙara mara daɗi, kar ka damu, bi su ɗaya ɗaya. In shiru ne ko sulɓi, ƙaro bai isa ba ko akwai sauran maiƙo, kuma ka daina taɓa wajen gogawa da yatsa. In murya a toshe take kamar mai mura, fata ce ta saki, ka kai ta kusa da garwashi daga nesa ko ka ajiye a hantsi minti kaɗan kana bugawa da yatsa har ta amsa. In zizza kake ji ka duba ƙusa mai motsi ko gashin da ya fi sauran saki ka yanke shi. In murya biyu take fitarwa lokaci ɗaya toh gashin bai ɗaure daidai ba, sai ka kwance ka jiƙa ka sake tajewa, babu gajeriyar hanya.

Yatsun hagu ba'a danna tsirkiya har ta taɓa sanda kamar jita, taɓawa kawai ake yi da cikin yatsa, haka masu masinko da masu gusle suke yi, haka marigayi mawaƙi Ali Farka Toure na Mali ya riƙa yi da njarka ɗinsa, irin kukumar mutanen Songhai. Ka fara da taɓa daidai tsakiyar tsirkiya tsakanin jaki da naɗi, zaka ji muryar farko ta dawo amma siririya, in ka samu wannan wajen ka riƙe shi a ka, sauran muryoyin tsakaninsa da naɗin sama suke. Daga nan ka ɗauki gajeriyar magana da ka saba faɗa, ko sallama ce ko sunan wani, ka yi ta nema har kukumar ta faɗe ta, domin harshenmu yana da hawa da sauka kuma shi makaɗan suke bi shi yasa kake jin kamar magana take.

Wajen ajiya, in ka gama ka kwantar da jaki ko ka zare shi gaba ɗaya kar ya lotsa fatar, ka ɗinka mata jakar yadi ka rataye a bango nesa da ƙasa saboda ɓera yana son ɗanyar fata, akwai kuma ƙananan ƙwari masu cin gashin doki in abu ya daɗe a rufe cikin duhu, saboda haka ko baka kaɗawa ka riƙa fito da ita tana shan iska. Da damina zata saki kullum sai ka ɗan gasa kafin ka fara, da hunturu kuma ita da kanta take ɗaurewa har ta wuce kima, lokacin ka sassauta naɗin sama kaɗan kuma kar ka barta a mota ko jikin taga inda rana take bugawa.